Rashin Oga Mamuda

A Kazaure, in ka ji an ce "ai abokina ne," ba sai ka waiwaya ba, Maikasuwa mai wankin hula ne ke magana. A faɗarsa, babu wani sananne a ƙasar nan da bai taɓa haɗa kwano da shi ba. Shagonsa taku huɗu ne a bayan tasha, inda yake kifa huluna a kan guntayen itace su sha rana, shi kuma ya kishingiɗa a gefe yana zuba. Shekararsa arba'in ba biyu, bai taɓa aure ba, kuma in ka tambaye shi sai ya ce zaɓe yake yi.

Zaɓen dai ya ƙare a kan Sa'adiyya, bazawarar da ke sayar da shinkafa da wake a rumfar da ke kallon shagonsa. Sa'adiyya tana da talabijin mai aiki da hasken rana, kuma duk Juma'a bayan la'asar rumfarta cika take yi maƙil da masu kallon wani shirin barkwanci mai suna Dawo Gobe. Labarin wani ofis ne da ba a aikin komai a cikinsa sai shan shayi da ɓatar da takardun mutane. Shugaban ofishin shi ne Oga Mamuda, mai ƙaton tumbi da gemu, tabarau a bakin hanci, hula a karkace. Duk wanda ya shigo da buƙata, sai Oga ya dube shi ta saman tabarau, ya shafa tumbi, ya ce, "Takardarka tana kan hanya. Dawo gobe!" Da ya faɗi haka Sa'adiyya kan yi dariya har ta riƙe ciki, sau uku shinkafa na kamawa a tukunya saboda shi.

Maikasuwa ya ga wannan dariya, ya ji ina ma shi ake yi wa. Ranar nan sai ya nuna talabijin da cokali ya ce, "Wai Mamuda? Tare muka yi kiwon awaki. Ni na koya masa karkata hular nan."

Daga ranar naman da ake sa masa a kwano ya koma tsoka biyu.

Amma a ƙarshen benci akwai Mele, mai sayen riɗi a kasuwannin ƙauye, mutum marar yawan magana wanda shi ma ba don shinkafa kaɗai yake zuwa rumfar ba.

"To ni dai," in ji Mele, "sunan da nake gani ana rubutawa a ƙarshen shiri Ɗayyabu ne. Mamuda ai sunan wasa ne."

"Ɗayyabu sunan makaranta ne," Maikasuwa ya ce ko ƙiftawa babu. "Mu na gida Mamuda muka sani."

Da Maikasuwa ya kai maganar aure, Sa'adiyya ba ta ja da nisa ba. A gaban kakarta Ya Kaka, tsohuwar da ke zama a kan matashi a bakin rumfa tana ɓare tafarnuwa, ta ce masa, "Malam Maikasuwa, sharaɗina ɗaya ne. Duk wanda ya kawo mini Oga Mamuda ya zauna a bencin nan ya ci shinkafata, ranar ya turo magabatansa."

"Wannan ne kawai? Ki ɗauka ya zo ya koma."

Wata shida ana abu ɗaya. Yau Oga yana Abuja, gobe yana mura, jibi motarsa ta lalace a Ɗambatta. Duk sanda aka tambaya, sai Maikasuwa ya ce yana kan hanya, Mele kuma ya ƙarasa masa daga ƙarshen benci, "Dawo gobe." Daga ƙarshe Sa'adiyya ta gaji, ta ce in watan nan ya mutu Oga bai zo ba, ta janye maganar, don ba shi kaɗai ke sallama a gidansu ba. Maikasuwa ya shiga tashin hankali na gaske. Son Sa'adiyya ne kaɗai abin da bai taɓa yin ƙarya a kansa ba, ga shi kuma ko lambar wayar maƙwabcin Oga ba shi da ita.

Saura kwana biyar wata ya mutu, Juma'a ta zo da hadari, batirin talabijin ya ƙi ɗauka. Maikasuwa ya zaro wayarsa ya jingina ta da kwanon yaji, aka yi cincirindo a kai. Maimakon kiɗan buɗe shiri, sai hoton Oga ya bayyana, wata murya mai sanyi ta ce, "Masu kallonmu, muna baƙin cikin sanar da ku cewa mun yi rashin Oga Mamuda. Daga wannan mako ba za ku ƙara ganinsa ba. Muna roƙon Allah ya..."

Nan datar Maikasuwa ta ƙare.

Ludayi ya faɗi daga hannun Sa'adiyya. A ƙasar Hausa in an ce an yi rashi, babu mai tambayar rashin me, salati kawai ake ɗauka, kuma shi aka ɗauka. Maikasuwa kuwa, Allah ya yafe masa, abin da ya fara faɗo masa a zuciya ba salati ba ne. Tunani ya yi cewa mamaci ba ya ƙaryata kowa. Sai ya ɗora hannu biyu a ka, ya kurma ihu.

"Wayyo Mamuda! Shekaranjiya fa muka yi waya! Ya ce mini ranar Litinin yana tafe cin shinkafa!"

Sa'adiyya ta fashe da kuka. Kafin magariba Maikasuwa ya gama tsara komai. Zai yi zaman makoki na kwana uku a ƙofar shagonsa, tunda shi ne na marigayi a duk yankin nan. Ranar sadakar uku, a gaban jama'a, zai tuna wa Sa'adiyya cewa shi ya cika alkawari, ajali ne ya riga shi. Wace mace ce za ta juya wa mai jimamin amini baya?

Mele ne kaɗai ya ce, "Ba za a sa data a ji ƙarshen maganar ba?"

"Ƙarshen me kake so ka ji? Mutum ya mutu kana neman ƙari?"

Washegari Mele ya hau babur ɗinsa ya tafi cin kasuwar Gwiwa.

Ranar farko aka shimfiɗa tabarmi, aka jera butoci. Matsalar da Maikasuwa bai hango ba ita ce hawaye. Ya matsa ido, ya tuno rasuwar kakarsa, ya tuno ranar da aka sace masa keke, ko ɗigo. Da ya hango Sa'adiyya tafe da mayafi, sai ya faɗa shago ya lakato man zafi ya goga a ƙasan ido, ya kuwa zarce da shi har ciki. Ihun da ya yi a wannan karon babu algus a ciki. Ya lalubi ruwa a makance, ya tsoma fuska a bahon farko da hannunsa ya taɓa, ashe na sitacin hula ne. Ya fito ya zauna a rana, sitaci ya bushe, fuska ta yi fari ta sandare, ko baki ba ya iya buɗewa sosai.

"Ya haƙuri, Malam Maikasuwa?" in ji masu gaisuwa.

"Hmm gode Allah," yake amsawa ta tsakanin haƙora.

"Dubi yadda baƙin ciki ya mai da shi," in ji wata mata. "Dare ɗaya har ya yi furfura a gira."

Ya Kaka ta matso, ta shinshina, ta ce, "Baƙin cikin nan kuwa ƙamshin rogo yake yi."

Labari ya bazu a wayoyi. A rana ta biyu sai ga masoya shirin daga Roni a kan babura, ga mota cike daga Babura. Zaman makoki ya koma majalisar gardama. Fatu mai ƙosai ta rantse shirin ya mutu tare da Oga, ita ko kyauta aka ba ta data ba za ta ƙara kallo ba. Malam Sabiru, malamin firamare, ya gyara tabarau ya ce mutane ba su fahimci fasaha ba, masinjan ofishin nan mai barci a tsaye shi ne gishirin shirin, Oga tumbi kawai ya fi shi. Wani ɗan Roni ya ce in aka kuskura aka ɗora mataimakin Oga a kujerar, to a rufe ofishin kawai, don mutumin ko cakulkuli yake yi maka ba za ka yi dariya ba. Aka kusa ba hammata iska a kan tabarmar makoki, sai da aka tuna musu abin da ya tara su.

Maikasuwa yana tsakiya yana karɓar gaisuwa, kansa na ƙara girma. Ga mutanen Babura ya ce a Kanya Babba suka yi kiwon awaki da marigayi. Ga mutanen Roni ya ce a bayan dutsen garinsu ne. Da ɓangarorin biyu suka haɗu suka tambaye shi wanne ne gaskiya, sai ya ce awakin ne ba sa zama wuri ɗaya.

Don ya ƙara wa abin armashi, ya shiga shago ya ɗauko wata hula mai aikin hannu, ya ɗora ta a kan faranti. "Hularsa ta ƙarshe ke nan. Ya aiko a wanke, Allah bai yi zai saka ba."

Mata suka fara sharɓe. Wani dattijo daga cikin baƙin Roni, Alhaji Abu, ya miƙa wuya ya ƙura wa faranti ido.

"Kai Maikasuwa, wannan ba hulata ba ce? Wadda sati uku kana ce mini ba ta bushe ba?"

"Ranka ya daɗe, iri ɗaya ce. Tare kuka saya, wato shi ya saya, kai ma ka saya."

"Har da ƙunar garwashin turaren da ke bayanta iri ɗaya ce?"

"Marigayi ma yana son turare, ranka ya daɗe."

Alhaji Abu ya ɗauke hularsa ya kifa a ka, ya zauna yana huci. Wani ya tambayi inda aka yi jana'iza. Maikasuwa ya ce a Kano, jiya da sassafe, kuma shi da kansa ya shiga kabari ya karɓe shi.

"Jiya da sassafe?" in ji Fatu. "Ba kai ne ka tsaya a kaina kana cewa in ƙara maka ƙosai ɗaya ba?"

"Daga maƙabarta nake. Yunwar makoki daban ce, Fatu."

Duk da haka abin yana tafiya yadda yake so, domin Sa'adiyya da kanta ta ce ita za ta dafa abincin sadakar uku. Har ta dube shi da jajayen idanu ta ce, "Ka ci wani abu, Malam, kada ka faɗi." Maikasuwa ya ji kamar an ɗaura auren.

Ranar uku da hantsi ƙofar shago ta cika har bakin titi. An kawo gumba da waina, ga babbar tukunyar shinkafa da wake tana tururi. Ana cikin haka sai ga babur ɗin Mele, ya goyo wani siririn mutum marar gemu, rigarsa duk ƙurar riɗi. Maikasuwa ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ba wani mai maiƙo ba ne, ya nuna masa gefen tabarma inda rana ta fi zafi.

Baƙon ya durƙusa da ladabi. "Ya haƙuri, Malam? An ce kai ne aminin marigayi."

"Amini ma ai ƙaramar kalma ce. Zauna ka ji."

"Me ya yi ajalinsa?"

"Tumbin nan. Na sha gaya masa, Mamuda rage maiƙo, bai ji ba. Mu shida muka ɗaga shi, sai da ƙafar makara ɗaya ta karye."

"Ikon Allah," in ji baƙon. "Ni kuwa na ji ana cewa tumbin nan matashi ne yake cusawa a riga, gemun ma mannawa ake yi."

Maikasuwa ya miƙe tsaye, ransa a ɓace. "Ji mini ɗan ƙauye! Ni da na wanke shi da hannuna za ka gaya wa tumbinsa? Kai ko a mafarki ka taɓa ganin Oga Mamuda? Mele, ina ka samo wannan?"

"A kasuwar Gwiwa," in ji Mele. "Muna ciniki na ji muryarsa ta yi mini daɗi."

"To ka koya masa magana a gaban manya."

Baƙon ya sunkuyar da kai. "A gafarce ni. Bai bar wasiyya ba?"

Wannan tambaya ita Maikasuwa yake jira kwana uku. Ya gyara murya yadda za ta kai rumfar Sa'adiyya, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ya bari. Kansa yana kan cinyata ya ce, Maikasuwa, amana biyu na bar maka. Ta farko kujerata a shirin nan, don babu mai iya riƙe ta sai kai. Ta biyu, baiwar Allah mai shinkafar nan da kake ba ni labari. Ka ce ta yafe mini ban samu zuwa ba, kuma kada ta auri kowa sai kai. Yana faɗin haka ya cika."

Sa'adiyya ta rufe fuska da mayafi. Mata suka ce Allahu akbar. Maikasuwa ya saci kallon Mele, ya ga ko gezau bai yi ba, sai ma murmushi.

Baƙon ya miƙe a hankali. Ya je gaban Ya Kaka ya russuna. "Iya, a ara mini matashin nan." Ya karɓa ya ce na gode, ya cusa shi a cikin riga. Ya juya ga Malam Sabiru ya karɓi tabarau, ya sauke shi bakin hanci. Ya sa yatsa ɗaya ya tura hularsa gefe. Sannan ya juyo, ya dubi Maikasuwa ta saman tabarau, ya shafa tumbi, ya buɗe baki da muryar da duk wanda ke wurin ya sani kamar ta uwarsa.

"Wasiyyarka tana kan hanya. Dawo gobe!"

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Fatu ta watsar da tiren waina ta yi cikin tasha tana salati. 'Yan Babura suka dira cikin motarsu ta taga. Alhaji Abu ya yi gudun da rabonsa da irinsa tun yana saurayi, hannu ɗaya dafe da hularsa. Maikasuwa ya ja da baya yana "A'uzu billahi, na tuba, ban wanke ka ba, wallahi ban wanke ka ba," har dunduniyarsa ta daki bahon sitaci, ya zauna a ciki daram, ƙafafu a sama.

Ya Kaka kaɗai ce ba ta motsa ba. "Ku dawo, marasa kan gado," ta ce. "Fatalwa ce za ta ari matashi ta ce na gode?"

Aka dawo ɗaya bayan ɗaya ana leƙe. Malam Sabiru ya lalubo sanarwar a wayarsa, abin da ban da Mele babu wanda ya yi tunanin yi cikin kwana uku saboda daɗin gardama, ya kunna ta har ƙarshe. Muryar ta ce, "Muna roƙon Allah ya ba shi sa'a a sabuwar sana'ar da ya koma."

"Riɗi nake saye yanzu," in ji Ɗayyabu, yana zare matashin. "Shekara bakwai ina ɗaure wannan abu a ciki cikin zafin Kano, duk ƙuraje sun cinye ni. Na gaya musu kada su ce rashi, suka ce hakan zai fi jan masu kallo. Ga shi kuwa ya ja, har da sadakar uku."

Nan take makoki ya koma shari'a. Fatu, da ta rantse ta daina kallo, ta riƙe masa riga wai sai ya koma ko don marayun masu kallo. Malam Sabiru ya ce shi dai har yanzu yana kan bakansa, masinja ya fi. Ɗayyabu ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan, aka sake kaurewa da musu. Babu wanda ya tuna da mai makoki, wanda ya rarrafo daga baho ya koma kan tabarmarsa, wando yana ɗigar sitaci.

Daga inda yake zaune yana kallon komai. Ya ga Mele ya ja Ɗayyabu zuwa rumfa, ya kakkaɓe masa benci. Ya ga Sa'adiyya, hawayen ɗazu bai gama bushewa ba, ta zuba shinkafa da wake ta ɗora tsoka huɗu. Ya ga Oga Mamuda, rayayye, ya kai loma ya lumshe ido ya ce rabonsa da irin wannan tun ta mahaifiyarsa. Sa'adiyya ta yi irin dariyar nan tata har ta riƙe ciki.

"Sa'adiyya," in ji Ya Kaka da ƙarfi, don kowa ya ji, "me kika ce game da wanda ya kawo shi ya ci shinkafarki?"

Sa'adiyya ta dubi Mele, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ya turo magabatansa, Ya Kaka."

Maikasuwa ya yi ta maza ya taso, sitaci ya fara kama wandon, yana tafe kamar an ɗaura masa itace a ƙafa. "Sa'adiyya, ki duba fa. In ba don zaman makokina ba, da me zai kawo shi garin nan? A ƙa'ida ni na kawo shi."

"Kai ka binne shi, Malam Maikasuwa," ta ce. "Mele ne ya kawo shi."

Ya koma ya zube a tabarma. Idanunsa suka ciko, wannan karon ba man zafi. Wani ya sunkuya zai fara naɗe tabarmi, Ya Kaka ta ɗaga masa hannu.

"Bar su a shimfiɗe. Ai yanzu ne aka yi rashin."

Sai jama'a suka yi layi, 'yan Roni da 'yan Babura da na gari, kowa ya zo gabansa ya russuna. Ɗayyabu ne na ƙarshe, yana suɗe yatsa. Ya durƙusa, ya kama hannun amininsa na kiwon awaki, ya ce, "Ya haƙuri, Malam?"

Maikasuwa ya share hawaye da bakin riga.

"Haƙuri mun gode Allah," ya ce. Sannan ya matso kusa da kunnen Ɗayyabu. "Don Allah, kafin ka tafi, ka tsaya mu yi hoto ɗaya."